A ina zan ɗaura fistol in zan hau babur?

Wa alaikumus salam ƙanina, tambayarka ta iso. Kace kana zaune a Dallas, kana da lasin ɗaukar ƙaramar bindiga na jihar Texas, kwanan nan ka sayi babur, kuma a mota ka saba soke ta a bayan ƙugu amma a kan babur tana tokarinka, iska kuma sai ta riƙa ɗage maka riga mutane suna gani. Sannan kace kana son ka tuƙa har Maryland wajen 'yan uwa in zafi ya ragu, kana tambaya ko zaka iya tafiya da ita. Toh bari in amsa maka yadda nake amsa wa waɗanda nake koya wa harbi, don na daɗe ina hawa babur a ƙasar nan kuma na faɗi, ba sau ɗaya ba.

Kusan duk wanda ya zo min da wannan tambaya abun da ke ransa shine daga ina zai fi saurin zarowa. Ni kuma abun da nake so ka fara tambayar kanka shine, ranar da na faɗi, a kan me zan faɗi? Don gaskiyar magana yiwuwar ka sha ƙasa ta ninka yiwuwar ka zaro bindiga a kan wani nesa ba kusa ba. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka sun nuna masu babur fiye da 6,000 ne suka mutu a 2022, haka ma a 2023, kuma in aka auna da nisan tafiya mai babur ya fi na cikin mota haɗarin mutuwa fiye da ninki 20. Tsautsayi ba a sa masa rana. Yanzu ka ɗauki fistol irin Glock 19 cike da harsashi, nauyinta kusan giram 850 ne, ƙarfe da roba mai tauri wanda baya lanƙwasa, ka ɗaure a jikinka, sannan ka faɗi a kan kwalta kana gudun mil 40. Duk ƙashin da ke ƙarƙashinta shi zai karɓi dukan.

Shi yasa wannan bayan ƙugun da ka saba, tsakiyar baya daidai kan kwankwaso, dan Allah ka daina tun yau, a babur dai. Nan ƙashin baya yake, laka na ciki, kuma faɗuwar babur da yawa rigingine mutum yake ƙarewa ko ya yi ta mirginawa. Karayar hannu ko haƙarƙari ana ɗauri a warke, laka in ta taɓu kuwa sai dai keken guragu, Allah ya kiyaye. Ko a mota ma ni ban cika son wurin ba amma wannan wata magana ce.

Gefen ƙugu, wato daidai kan ɗuwawun dama zuwa gefe, ya fi sauƙi amma shima ba kyauta bane. Ni nan na ɗanɗana. Wata rana da yamma an yi yayyafi, na shiga kwana a hankali ma, tayar baya ta taka mai da wata mota ta zubar, kafin in ce me na ganni a ƙasa ta gefen dama. Ko mil 20 bana yi. Jaket ta kare ni, hular kwano ta kare ni, wandona bai ko yage sosai ba, amma inda bindigar take sai da ya yi baƙi ƙirin kamar an buga min guduma, na yi wajen sati uku bana iya kwanciya ta wannan gefen, sallah ma a zaune na yi kwana biyu. Bindigar bata fita daga gidanta ba, bata tashi ba, alhamdulillah, amma daga ranar na canza wuri.

Gaban ƙugu kusa da mara, wanda samari ke yayi yanzu, wannan ya danganta da irin babur ɗinka kuma baka faɗa min ba. In irin manyan nan ne na zama a miƙe kamar Harley-Davidson, ƙafa a gaba, wasu suna jurewa. In kuma irin na tsere ne da kake kwanciya a kan tanki, toh manta kawai, gindin bindigar zai nutse maka a ciki bakinta kuma yana kallon cinya inda babbar jijiyar jini take, kuma in ka daki wani abu ta gaba ƙugunka tankin zai fara buga. Idon sawu kuwa ban ma san me yasa mutane ke tunaninsa ba, ƙafar hagu tana canza giya, ta dama tana kan birki kusa da salansa, ga jijjiga ga ruwa ga ƙura, kuma ƙafa ita babur ke dannewa in ya kwanta.

Abun da na koma kai, kuma mafi yawan tsofaffin mahaya da na sani nan suka tsaya, shine sama da ƙugu, a ƙarƙashin hammata ko gefen ƙirji, cikin jaket. Ko dai irin gidan bindiga mai maɗauri ta kafaɗa, ko jaket ko 'yar shara da aka ɗinka mata aljihun ciki na musamman. Hannunka yana rufe wurin, iska bata ɗagawa tunda zif a rufe yake, baka jin tokari ko ka yi awa uku a kan hanya. Ba wai babu illa ba, haƙarƙari zai iya karyewa, kawai dai a cikin wuraren da ake da su shine asararsa ta fi sauƙi. Kuma in zaka bi shawarata ka rage girman bindigar, ƙanana irin Glock 43 ko SIG P365 sun fi dacewa da babur, siriri ne, nauyin ma ba yawa.

Amma fa aljihu kaɗai ba gidan bindiga bane, wannan ka riƙe shi da kyau. Kar ka taɓa jefa ta tsirara a aljihun jaket tare da makulli ko waya. Dole ta zauna a holsta, wato gidan bindiga, mai tauri wanda ya rufe kunamar gaba ɗaya ta yadda ba abun da zai iya shiga ya taɓa ta, irin na roba mai tauri da ake kira Kydex ko fata mai kauri da aka yi wa ainihin samfurin bindigarka, kuma ya zama yana da abun riƙewa, maɗauri ko maɓallin da sai ka danna da babban yatsa take fitowa. Gwajin da nake sa ɗalibai su yi mai sauƙi ne, ka cire magazin, ka tabbatar ba harsashi a ciki ka sake dubawa, ka saka ta a holstan ka kifa shi a kan katifa ka girgiza da ƙarfi. In ta faɗo toh a kan titi ma zata faɗo, kuma ka yi tunanin kana kwance a sume bindigarka tana can tsakiyar hanya yara suna wucewa. Sannan jijjigar babur tana kwance sukurorin holsta a hankali ba tare da ka sani ba, ka ɗiga musu ɗan gam ɗin nan shuɗi na Loctite ka riƙa dubawa duk sati. Zafin Texas kuma ka san shi, a watan Yuli da Agusta zufa kamar an watsa maka ruwa, gishirin zufa yana kawo tsatsa, saboda haka ka riƙa gogewa da ɗan mai in ka dawo gida.

Maganar ko zata tashi da kanta in ka faɗi, bindigogin zamani masu kyau suna da wani ɗan ƙarfe a ciki da ke tare allurar sai an ja kunama, shi yasa faɗuwa kaɗai bata cika tayar da su ba. Amma ka san abun da kake riƙe da shi. A 2017 kamfanin SIG ya buɗe shirin gyara P320 kyauta bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, in kana da tsohuwa ka duba ko an gyara. Tsofaffin bindigogi masu arha da baka san tarihinsu ba kuwa kar ka hau babur da su.

Wasu za su ce maka ka saka a jakar tanki ko akwatin gefe kawai ka huta. Ta fuskar ƙashinka wannan shine mafi aminci, ba musu. Matsalar tana zuwa ne lokacin da ka tsaya. Ka shiga gidan mai zaka biya kuɗi ko zaka kama ruwa, ko dai ka bar ta a kan babur wanda ba ƙofa ba gilashi, jakar tanki ma mayen ƙarfe ne kawai ke riƙe da ita yaro ma zai ɗauke, ko kuma ka tsaya a bainar jama'a kana ciro bindiga kana sokewa a jiki, wani ya hango ka ya kira 911 ya ce ga wani baƙi da hular kwano yana zaro bindiga a gidan mai, kaga ka jawo wa kanka. Yawan taɓa bindiga, cirewa da mayarwa, nan ne harbin kuskure da yawa ke faruwa. In dole sai ka bar ta, misali zaka shiga gidan waya, wanda dokar tarayya ta hana shiga da makami har ma filin ajiye motocinsa, toh ka tanadi ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli da igiyar waya da ke ɗaure da jikin babur a cikin akwatin gefe, ka yi fakin a wajen harabar, ka cire ta tare da holstanta gaba ɗaya a inda ba idon mutane.

Yanzu maganar zarowa, wadda nasan ita ce a ranka ko baka faɗa ba. Ƙanina ka dubi hannayenka a kan babur. Dama tana kan totur da birkin gaba, wanda shine ke yin mafi yawan aikin tsayawa, hagu tana kan kuloci. Wanne zaka saki? Ga safar hannu mai kauri da yatsa baya jin kunama da kyau, ga zif, ga hular kwano ta rage maka gani. Harbi a kan babur yana tafiya wannan aikin 'yan fim ne, a zahiri faɗuwa zaka yi ko ka harbi wanda ba ruwansa, kuma duk harsashin da ya fita kai zaka amsa shi a kotu. In wani ya matsa maka a hanya, ya yi maka hon, ya zage ka, ya nemi ya goge ka, kana zaune a kan abun da ya fi motarsa saurin tashi kuma yana shiga inda bata shiga, ka murɗa totur ka bar wurin, ka fita a mahaɗa ta gaba, ka shiga inda mutane da kyamara suke. A danja ka tsaya a giya ta ɗaya, ka bar tazara tsakaninka da motar gaba, idonka a madubi. Bindigar nan amfaninta sai ka sauka ƙafarka tana ƙasa, a gidan mai da dare ko wurin fakin ɗin otal, shima in an kai maƙura ba hanyar tsira. Kuma mai ɗauke da makami shi ya kamata ya fi kowa haƙuri a titi, don in ka ɗaga riga ka nuna wa direba don ka tsorata shi, a Texas wannan kaɗai zai iya zama babban laifi, lasinka ya tafi. Ka gwada zarowa a gida da bindiga ba harsashi, sanye da jaket da safar da kake hawa da su, zaka sha mamakin yadda kake lalube.

Iska da ke ɗage maka riga kuwa, a Texas ba ita ce babbar damuwa ba ta fuskar doka, tun 1 ga Janairu 2016 aka yarda mai lasi ya ɗauka a bayyane in tana cikin holsta, daga 1 ga Satumba 2021 kuma aka ma cire wajabcin lasin ga wanda ya kai shekara 21 kuma doka bata hana shi ba. Amma kar kace tunda haka ne ka bar lasinka ya mutu. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana bindiga a cikin ƙafa 1,000 kewaye da makaranta, kuma ta ware wanda ke da lasin jihar da makarantar take, kai kuma a cikin gari ba yadda za a yi ka tuƙa minti goma baka wuce makaranta ba. Lasin ne kuma wasu jihohi ke dubawa su yarda da kai. Ka riƙa kula da allunan ƙofa masu lamba 30.06 da 30.07, masu hana mai lasi shiga da bindiga, da jan allon nan mai 51% na wuraren da giya ce mafi yawan cinikinsu, inda nan ma an hana shiga da ita, nasan ba shiga kake ba amma wani lokacin abokan hawa nan suke tsayawa cin abinci.

Tafiyar Maryland ita ce inda zan ja maka kunne sosai. Lasin Texas yana aiki a maƙwabta irin Oklahoma da Arkansas da Louisiana, amma Maryland bata san shi ba, haka New York da New Jersey da Kalifoniya. Hukuncin kotun ƙoli na shari'ar Bruen a watan Yuni 2022 ya tilasta wa irin waɗannan jihohi su daina neman sai ka kawo dalili na musamman kafin su baka lasi, amma bai ce su karɓi lasin wata jiha ba. Akwai wata mata 'yar Philadelphia, Shaneen Allen, a 2013 aka tsayar da ita a New Jersey kan laifin tuƙi, da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga da lasin Pennsylvania, aka kama ta, ta yi kwanaki a tsare tana fuskantar ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa bayan maganar ta cika ƙasa. Kai wa zai yi maka wannan? Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta baka damar ratsa jiha da bindiga in ba harsashi a cikinta kuma tana kulle inda hannunka baya kaiwa, a abun hawa mara but sai a akwati mai makulli, amma sharaɗin shine inda ka taso da inda zaka sauka duka doka ta yarda maka, kuma ratsawa kake ba zama ba. Kai kuwa Maryland ɗin ce masaukinka, zaka yi kwanaki kana yawo gidan wannan da wancan. Ni in ni ne, ina kulle ta a gida Dallas in yi tafiyata, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kanada da Meziko kuwa ko a mafarki, a Meziko harsashi ɗaya da ka manta a aljihun jaka zai iya kai ka gidan yari.

Baka faɗa min matsayin takardunka ba, tunda ka samu lasi ina kyautata zaton kana da katin zama na dindindin ko ka zama ɗan ƙasa. Amma saboda sauran 'yan uwa da za su karanta, dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardu mallakar bindiga, haka wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara in banda wasu 'yan togaciya kamar mai lasin farauta. Kuma mai katin zama in kotu ta same shi da laifin da ya shafi makami, ko da ƙarami ne a idon ɗan ƙasa, za a iya tasa ƙeyarsa gida. Abokinka Ba'amurke zai biya tara ya koma aiki, kai kuma shekarun da ka yi kana tarawa sun tafi. Kafin doguwar tafiya ka duba shafin hukumar kowace jiha da zaka ratsa, dokokin suna canzawa kusan duk shekara, in akwai shakka ka biya lauya kuɗin awa ɗaya.

Sai tsayarwar 'yan sanda. Mu baƙar fata ba sai an yi mana dogon bayani ba. Philando Castile a Minnesota, 6 ga Yuli 2016, yana da lasi, ya gaya wa ɗan sanda yana ɗauke da bindiga, hannunsa yana motsi wajen ɗauko takarda, aka harbe shi a gaban budurwarsa da ƙaramar yarinya, kuma a 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Ƙari a kan haka 'yan sandan Texas basu manta rikicin ƙungiyoyin masu babur na Waco a watan Mayu 2015 ba inda mutum 9 suka mutu, saboda haka mai babur da makami ana zuwa masa da shiri. Abun da nake yi shine, in fita gefe inda ke da haske, in kashe inji, in saukar da jak, in ɗaga gilashin hula, hannu biyu a kan kan babur a buɗe, bana sauka bana lalubar komai. In ya iso in gaishe shi a natse in ce ina da lasin ɗaukar makami kuma yana jikina a gefen hagu cikin jaket, me kake so in yi, sannan in jira. A Texas in ya nemi shaidarka ana so ka miƙa masa lasin bindigar tare da na tuƙi, a jihohi irin Michigan da North Carolina kuwa wajibi ne ka faɗa nan take ko bai tambaya ba. Dabarar da tafi komai a nan ita ce kar takardunka su zauna a gefe ɗaya da bindiga. Nawa suna aljihun hannun jaket, a waje, inda yana kallon yatsuna daga farko har ƙarshe. A aljihun nan kuma akwai ɗan kati da na rubuta lambar iyalina da cewa akwai makami a jikina da inda yake, saboda ma'aikatan motar asibiti da almakashi suke yanka kaya in mutum ya suma.

Ga 'yan uwa da ke karantawa daga gida Najeriya kuma, wannan bayanin duka na Amurka ne. A dokar makamai ta 1959 fistol da libarba suna cikin haramtattun makamai da shugaban ƙasa kaɗai ke iya bada izininsu, kuma kun fi ni sanin yadda jami'an tsaro ke kallon mutum a kan mashin da makami a Zamfara ko Katsina ko Kaduna a 'yan shekarun nan.

Ka turo min sunan babur ɗin da irin bindigar da kuma hannun da kake harbi da shi, don in bahago ne kai lissafin gefen da zaka ɗaura ya ɗan canza, sai in gaya maka irin holstan da zai zauna da jaket ɗinka.